Kwalba, Abin Busawa ko Nebulaiza: Wanne Ya Dace da Mai Ciwon Buɗewar Hanyoyin Huhu a Kano?

Shekara uku bayan an sallami Ummanmu daga shan maganin tarin fuka, tarin bai rabu da ita ba. Ta cika wata shidan nan cif, ba ta taɓa tsallake ko kwana ɗaya ba, gwaji kuma ya nuna cutar ta mutu. Amma kullum da asuba, da ta sunkuya za ta yi alwala sai tari ya turnuƙe ta, ta yi ta kakin majina kore-kore mai kauri. Akwai wani tsohon gwangwanin madara da muke zuba wa yashi a gefen katifarta. Ni ke zubar da shi kafin in fita aiki, don haka na fi kowa a gidan sanin yawan abin da ke fita da launinsa. A sujada abin ya fi tsananta. Har ta daina zuwa Islamiyyar matan aure, saboda yadda ake janye jiki daga gefenta idan ta fara.

Sai da aka yi mata hoton siti na ƙirji, wanda ke nuna cikin huhu dalla-dalla, sannan likita ya kira sunan ciwon, buronkiyektasis, wato buɗewar hanyoyin iska na cikin huhu. Hanyoyin nan kamar rassan bishiya suke, kuma a jikin mai lafiya su da kansu suke turo majina sama ba tare da ya sani ba. Idan wata cuta ta cinye bangonsu sai su saki su yi faɗi, su zama kamar kwatar da ta lotsa a tsakiya: ruwa ya kwanta, ya yi wari, ƙwari su samu gida. Majina ta kwanta, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a cikinta, wurin ya kumbura, kumburin ya ƙara ɓata bangon, majina ta ƙara samun wurin kwanciya. A ƙasarmu tarin fuka na gaba-gaba wajen barin wannan tabo, sai ƙyanda da tarin shiƙa da nimoniya mai tsanani da aka yi tun ana yara. Wasu kuma a bincika a rasa dalili. Shi kansa ciwon ba a ɗaukarsa daga wani, kuma hanyar da ta riga ta buɗe ba ta komawa. Abin da ya rage a hannun mutum shi ne yashe kwatar kullum.

A nan ne gardama ta tashi a gidanmu. Yaya ya ce a sayi nebulaiza, injin da ke mayar da ruwan magani hazo a shaƙa. Ƙanwarmu ta ga wata na'urar busawa a intanet ta ce ita ce magani. Mai kemis ɗin layinmu ya ce a dai riƙa ba ta kafso duk sanda kakin ya canja. Cikin 'yan shekaru kusan babu wanda ba mu gwada ba, wani da shawarar likita, wani da gaggawar masu son ganin uwarsu ta samu sauƙi. Idan kai ma kana tsaye a wannan mararraba da kuɗinka a hannu, ga yadda na auna su.

Kafin ka fitar da ko kwabo, ka tabbata abu biyu sun kammala. Na farko hoton siti, domin hoton ƙirji na yau da kullum yakan fito ba tare da ya nuna ciwon sosai ba. Ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wasu cibiyoyin hoto masu zaman kansu. Na biyu gwajin kaki. Gwajin GeneXpert mai gano tarin fuka a kaki, da maganin tarin fukan, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati irin su Asibitin Zana. Ka gaya wa likita in an taɓa yi maka maganin tarin fuka, saboda gwajin yana iya cin karo da burbushin matattun ƙwayoyin cuta ya ce akwai, a sake ɗora ka kan magani na wata shida ba tare da buƙata ba. Ka kuma nemi a raini kakin a ɗakin gwaji a ga wace ƙwayar cuta ce ke zaune a ciki, don zaɓin magani ya rataya a kan haka.

Ma'aunan da na bi

Tambayar farko ita ce ko abin yana fitar da majinar da gaske, ko kuwa sanyaya zuciyar 'yan uwa kawai yake yi. Sai kuɗi, na saye da na ci gaba da amfani. Sai wuta, wadda ba sai na yi wa mutumin Kano bayani ba. Sai ƙarko cikin ƙurar hunturu da zafin bazara, da ko za a samu kayan gyara idan wani abu ya karye. Sai haɗari. Akwai kuma guda biyu da da farko ban ba su muhimmanci ba, daga baya na gane su ne ke raba gardama: wahalar wanki, da ko mai ciwon zai iya yi shi kaɗai kullum ba tare da an tsaya a kansa ba. Duk na'urar da ake hura mata numfashi mai laima, in ba a wanke an shanya ba, ita da kanta za ta koma gidan cuta. Wadda kuma aka saya da tsada aka jefa a durowa bayan sati uku, da ita da babu duk ɗaya.

Dabarar numfashi, ba da komai ba

Wannan ita ce wadda ba wanda ya kawo a gardamarmu, don ba a sayar da ita a kasuwa. Ana koyon ta a sashen gashi na asibiti, wurin likitocin fisiyo. Mataki uku ne ake zagayawa. Ka zauna ka saki kafaɗa, ka yi numfashi a hankali ta hanci, cikinka na tashi yana sauka, har ƙirji ya natsu. Sai ka ja dogon numfashi sau uku ko huɗu, kowanne ka riƙe shi kamar daƙiƙa uku kafin ka sake. Riƙewar nan ce ke ba iska damar zagayawa ta shiga bayan majinar da ta toshe hanya. Sai ka yi huci sau ɗaya ko biyu, baki a buɗe, kamar mai hura wa gilashin tabarau iska zai goge. Dogon huci mai laushi yana jawo ta ƙasa, gajere mai ƙarfi yana fitar da wadda ta riga ta hau. Ba a yin tari sai an ji ta iso maƙogwaro. A koma farko, a yi ta zagayawa minti 10 zuwa 30, sau ɗaya ko biyu a rana, a ƙara idan ciwon ya motsa.

Ranar da aka koya wa Umma, ta dubi yarinyar da ke koya mata ta ce, "'Yar nan, yanzu shi ke nan maganin? Ba allura ba ƙwaya?" Ita kuma ta ce, "Hajiya, ki ba ni sati biyu kina yi bayan sallar asuba da bayan la'asar, in ba ki ga canji ba ki dawo ki faɗa mini." Abin da muka fara gani shi ne tarin ya taru a lokaci ɗaya. A da yini take yi tana tari kaɗan-kaɗan, mai gajiyarwa, wanda ba ya fitar da komai. Yanzu sai ta zauna ta fitar da mafi yawa cikin minti ashirin, ta samu sauran yinin.

Kuɗinta bai wuce na kati da ganin likitan fisiyo sau biyu ko uku ba. Ba ruwanta da wuta, ba ta lalacewa, ba abin wankewa, ana yin ta a ɗaki ko a shago ko a hanyar Hajji. Haɗarinta kaɗan ne, sai ɗan jiri in an yi gaggawa. Rauninta a wurin mutum yake. Babu abin da ke ƙara ko motsi da zai nuna maka kana yi daidai, tsofaffi sukan rikita matakan, kuma da an ji sauƙi ake dainawa. Duk da haka ita ce tushe, domin duk na'urar da za a ambata a ƙasa sai an ƙarasa aikinta da wannan hucin.

Kwanciya ta gefe da bubbuga baya

Hoton siti zai nuna ɓangaren da ya fi lalacewa. Sai mai ciwo ya kwanta yadda ɓangaren zai kasance a sama, majinar ta gangaro, wani kuma ya lanƙwasa tafin hannu kamar zai ɗebi ruwa ya riƙa bubbuga haƙarƙari ta saman riga. Ba a bugun ƙashin baya, ko ƙoda, ko nono. Kyauta ce, kuma tana taimakon wanda ya galabaita har ba ya iya dogon huci. Sai dai tana buƙatar mutum na biyu, kuma kowa ya san gida: yau mai bugun yana nan, gobe ya tafi biki. Kwanciyar da ake sa kai ƙasa da ƙugu tana tayar da ƙwarnafi, abin ciki ya iya shiga huhu, don haka ba a yin ta bayan cin abinci, ba a yi wa mai juna biyu ko mai ciwon zuciya. Tsohon da ƙashinsa ya yi rauni da wanda ke kakin jini ba a bubbuga su.

Kwalbar ruwa da tiyo

Hikimar da ke cikin kwalba ita ce dai ke cikin na'urori masu tsada. Idan ka hura iska ta ci karo da abin da ya ɗan tare ta, matsin yana komawa cikin ƙirji ya riƙe hanyoyin da suka saki a buɗe, kada su rufe a kan majinar. Ana samun gorar roba mai cin lita ɗaya da rabi ko biyu, a zuba ruwa zurfin santimita 10, a zura tiyo mai tsabta har ƙasa, a bar bakin gorar a buɗe. A ja numfashi ta hanci, a hura a hankali ruwan ya yi ta ɓulɓulowa, sau takwas ko goma, sannan a ajiye a yi huci. Faɗin ramin tiyon ya kai kusan santimita ɗaya. Siririn tiyon ƙarin ruwa bai dace ba, domin ƙuncinsa yana ƙara matsin ya wuce abin da aka nufa. Likitan fisiyo ne zai daidaita maka zurfin ruwan.

Kuɗinta kuɗin tiyo ne kawai. Ba wuta, kuma in ta tsufa a canja wata. Yara suna son ta ƙwarai, jikokin Umma ma layi suke yi suna kallon kumfa, sai da muka hana su taɓawa, don kowane mai ciwo da tasa. Wahalarta wanki. Ruwan dafaffe ne da ya huce, ana zubar da shi duk bayan amfani, a wanke gora da tiyo da sabulu, a rataye tiyon ya tsane sarai. Tiyon da ya kwana da laima a ciki kwana biyu za ka ga ya fara baƙi-baƙi, a jefar da shi. Hurawa ake yi, ba a zuƙa. Kuma ba abin da za ka ɗauka zuwa kasuwa ko ofis ba ne.

Na'urorin busawa masu girgiza ƙirji

Waɗannan sun ƙara abu ɗaya a kan kwalba: suna karkaɗa iskar, ka ji ƙirjinka na rawa daga ciki, majinar da ta manne ta saki. Uku ne aka fi sani. Flutter kamar lofe take, da 'yar ƙwallon ƙarfe a ciki da ke tsalle idan an hura. Tana da ƙarko don ba abin lalacewa a cikinta, amma sai a zaune ake amfani da ita, an riƙe ta a daidai kusurwa, kuma in ƙwallon ta faɗi yaro ya ɗauke, aiki ya tsaya. Acapella da maganaɗisu take aiki, ana iya busa ta a kwance, abin da ya sa ta dace da mai haɗawa da kwanciyar gefe. Iri-iri ce, wata ana iya tafasa ta wata ba a yi, sai a duba takardarta. Aerobika tana da maɓallin ƙara ko rage matsi, ana kuma iya haɗa ta da nebulaiza, masu ita sun ce a canja ta bayan wata 12.

Ƙa'idar likitocin ƙirji na Birtaniya ta 2019 ta ajiye waɗannan na'urori da dabarar numfashi a sahu ɗaya, ta ce a ba mai ciwo wannan ko waccan. Wato kuɗin da za ka kashe ba ya sayo maka aikin da ya ninka na kyauta. Abin da yake sayowa shi ne sauƙin ɗorewa. Mutum yana jin girgizar, ya san yana yi daidai, abin yana hannunsa yana tuna masa. Ga wanda ya kasa riƙe dabarar numfashi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Ba kasafai ake samun su a kemis ɗin unguwa ba, sai wurin masu kayan asibiti, ko a yi oda, ko a sallahu wa mai dawowa daga tafiya. Akwai kwaikwayo masu araha a intanet, wasu robarsu ba ta jure ruwan zafi. Kada kuma a rikita su da wannan abin mai ƙwallaye uku da ake ba waɗanda aka yi wa tiyata su riƙa zuƙa, aikinsa daban ne. Na'urorin busawar ba su buƙatar wuta, suna shiga aljihu, wankinsu na minti biyar ne. Wanda ke kakin jini ko huhunsa ya taɓa fashewa iska ta taru a ƙirji kada ya busa su, har da kwalbar, sai likita ya amince.

Nebulaiza

Ita ce kowa ke fara ambata, saboda tana da kamannin asibiti: ƙara, hazo, takunkumi a fuska. Ya kamata a fahimci cewa ba ta fitar da majina. Tana mayar da ruwan magani hazo mai laushi ya shiga ciki ya tsinka majinar, sannan kai ka fitar da ita da huci ko busawa. Wanda ya yi nebulaiza ya kwanta barci ya jiƙa kwata ne bai yashe ba. Ba kuma surace ba ce. Tururin tukunya yana daɗaɗa hanci da maƙogwaro, amma ba ya yin aikin da ake nema a can ƙasa, ga haɗarin ƙuna.

Abin da ake zubawa shi ne ruwan gishiri na asibiti. Akwai na yau da kullum mai kashi 0.9 cikin 100, akwai mai ƙarfi daga kashi 3 zuwa 7, wanda ya fi jawo ruwa cikin majina. Mai ƙarfin yana iya shaƙe ƙirji, don haka karon farko a gaban ma'aikacin lafiya ake yin sa, galibi bayan an shaƙi salbutamol, maganin buɗe ƙirji. Ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba, ka tabbatar da inda za ka riƙa samu kafin ka sayi injin. Jerin aikin kuwa haka yake: mai buɗe ƙirji, sai ruwan gishiri, sai fitar da majina. Ina roƙon duk mai karanta wannan da kada ya haɗa ruwan gishiri a gida, kada ya zuba fiya wata ko ruwan rijiya, kada kuma ya ɗiga man zafi ko man habbatussauda ko zaitun a ciki. Mai in ya shiga huhu ba ya fita da sauƙi, yana haddasa wata nimoniya tasa ta daban. Ledar ƙarin ruwa da aka huda aka ajiye kwana da kwanaki ana ɗiba ita ma ba ta da aminci, ƙananan kwalabe na amfani ɗaya sun fi.

Injin iri biyu za ka tarar. Mai kwamfuresa, wanda ake jonawa a bango, yana da ƙara da nauyi, amma jarumi ne, yana shekaru, kuma kofinsa da tiyonsa da matatarsa ana samun canjinsu a wurin masu kayan asibiti. A hunturu matatar tana saurin yin ja, a riƙa dubawa. Matsalarsa wuta. Mai sola da infata ba shi da damuwa, amma wanda zai tayar da janareta saboda shi ya kai janaretan nesa da tagar mai ciwo, kada a gyara gaba a ɓata baya. Ɗaya irin shi ne ɗan ƙarami mai rariya, mai batir ko caji, shiru, yana shiga jaka, fawa bank ma yana tayar da shi. Shi muka fara saya saboda ɗauke wuta, kuma cikin 'yan watanni hazon ya ragu har ya ɗauke. Gishiri ne ya bushe ya toshe ramukan rariyar, don ba ma ɗauraye shi nan take. Rariyar ba ta son a taɓa ta da yatsa ko tsinke, kuma ba mu samu canjinta ba. 

Babban haɗarin nebulaiza ƙazanta ne. Akwai wata ƙwayar cuta, Sudomonas, mai son laima, wadda in ta kafa gida a huhun mai wannan ciwo fitar da ita aiki ne ja, ciwon kuma ya riƙa yawan motsawa. Kofin da aka bari da ɗigon ruwa ya kwana, gobe a hura shi kai tsaye cikin huhu, hanya ce aka buɗe mata. Wanki da sabulu bayan kowane amfani, shanyawa a kan tsumma mai tsabta a rufe daga ƙura, da tafasawa lokaci-lokaci in takardar injin ta yarda, duk wajibi ne. Aron nebulaiza tsakanin maƙwabta, wanda muke yi da kyakkyawar niyya, a daina, ko aƙalla kowa ya mallaki kofinsa da takunkuminsa.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta

Wannan ba madadin na sama ba ne, amma tunda shi mutane suka fi dogara da shi dole a auna shi. Idan kaki ya ƙaru, ya ƙara kauri ko ya canja launi, ga kasala ko zazzaɓi ko ƙarin haki, ciwon ya motsa. A kai kaki gwaji, likita ya rubuta magani, yawanci na kwana 14. Kafso na kwana uku daga kemis yana kwantar da abin ne ya bar masu taurin kai su yi ƙarfi. Siprofuloksasin da lebofuloksasin sun fi buƙatar hattara, domin suna ɗan danne tarin fuka, su ɓoye shi daga gwaji, su kuma koya masa jure magani. Wanda ciwonsa ke motsawa sau uku ko fiye a shekara duk da yana fitar da majina yadda ya kamata, likita na iya ɗora shi kan azitromaisin na dogon lokaci, galibi sau uku a mako. Yana rage yawan motsawar, amma yana iya taɓa ji da bugun zuciya, kuma sai an tabbatar babu tarin fuka ko danginsa kafin a fara. Kuɗinsa na wata-wata ne, ba ya yankewa. Maganin kwantar da tari kuwa kishiyar abin da ake nema ne. Tun 2018 gwamnati ta haramta na ruwa mai kodin, amma ko wanda ba shi da kodin, in aikinsa hana tari ne, majinar yake kullewa a ciki.

Akwai rigar da ke girgiza ƙirji da inji, ta dubban daloli, da sabuwar ƙwaya da Amurka ta amince da ita a 2025 musamman don wannan ciwo. Dukansu sun fi ƙarfin aljihun kusan kowa a nan. Tiyata kuma sai wanda lalacewar ta taru a yanki ɗaya kuma komai ya gaza.

| Zaɓi | Kuɗi | Wuta | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Dabarar numfashi | Kuɗin koyo kawai | Babu | Ba ta lalacewa | Sai an koya, sai naci | Ɗan jiri, saurin dainawa |
| Kwanciya da bubbugawa | Kyauta | Babu | Ba ta lalacewa | Sai da mataimaki | Ƙwarnafi, rauni ga tsoho |
| Kwalba da tiyo | Kaɗan ƙwarai | Babu | A riƙa canjawa | Sauƙi, amma a gida kawai | Ƙazantar tiyo |
| Na'urar busawa | Mai tsada | Babu | Shekara ko fiye | Mafi sauƙi | Kwaikwayo, rashin wanki |
| Nebulaiza mai kwamfuresa | Matsakaici, da kuɗin ruwa kullum | Dole | Shekaru | Ƙara da nauyi | Cuta daga kofi, shaƙewa |
| Nebulaiza mai rariya | Matsakaici zuwa mai tsada | Batir ko caji | Saurin toshewa | Shiru, na tafiya | Cuta daga kofi, mutuwar rariya |
| Azitromaisin na dogon lokaci | Kowane wata | Babu | Sai da bibiyar likita | Haɗiya kawai | Ji, zuciya, jurewar cuta |

Wa ya dace da wanne

Wanda aka gano wa ciwon kwanan nan, ko mai kuɗi ne ko talaka, ya fara da sashen gashi ya koyi numfashin, ya ba shi wata guda cur kafin ya sayi komai. Da yawa za su tarar ya wadatar. Magidancin da aljihunsa ba nauyi, da yaro, da tsohuwar da matakan numfashi ke rikita ta, su ƙara da kwalba, muddin akwai mai kula da wankinta. Ɗan kasuwar Kwari ko Singa da ke fita tun safe sai dare, da ma'aikaci, da ɗalibi, da direban doguwar hanya, in da hali na'urar busawa ce tasu, don ita ce za ta bi su inda suke. Mai busawa a kwance ya nemi Acapella ko Aerobika, mai son abin da zai daɗe ya ɗauki Flutter.

Nebulaiza ta wanda majinarsa ta yi danƙo ce, yana huci yana busawa amma ta ƙi tasowa, musamman a hunturu da iska ke bushewa. In akwai sola a gida, mai kwamfuresa. In babu wuta ko ana yawan tafiya, mai rariya, da sharaɗin ɗauraya nan take. Wanda ya san a gidansa ba mai tsayawa wanki, gara ya haƙura da ita. Marar ƙarfin da ke kwance, bubbugawa da juya shi gefe-gefe su ne abin yi. Wanda kuma yake yin duk wannan amma ciwon na kayar da shi sau uku a shekara, lokacin zancen azitromaisin da likitan ƙirji ya yi. Jini mai yawa a kaki, haki har magana ta gagara, leɓe ya yi duhu, ko rama da gumin dare, waɗannan ba na gida ba ne, a tafi asibiti a ranar.

Da azumi majina tana ƙara kauri saboda ƙishirwa, don haka a yawaita ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, a mayar da nebulaiza cikin dare, a bar tazarar awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci kafin a zauna fitarwa. Hayaƙi kuma kowane iri abokin gaba ne: icen girki, gawayi a ɗaki a rufe, igiyar sauro, sigari. Wanda ya fi yi wa Umma wuyar bari shi ne turaren wuta. Yanzu a tsakar gida ake turara mata kayanta, a bari su sha iska kafin a shigar.

Ita dai a yau numfashinta take yi bayan asuba da bayan la'asar, da kwalbarta a kan 'yar kujera gefen gado. Nebulaiza mai kwamfuresa tana cikin kwalinta, ba ma fito da ita sai sanyi ya shigo ko kakin ya yi tauri. Gwangwanin yashin mun maye shi da roba mai murfi da ake wankewa, ni ne dai har yanzu mai duba launin kafin in fita. Ta koma Islamiyya, tana zama kusa da ƙofa da takunkuminta saboda ƙura.